Goggo Ta Rasu, Kitsen Hayatu Ne Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ragowar haushin da har yau bai sauka ba, Lukmanu mahauci na unguwar Hausari a nan Garwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda ba a gayyata ba amma an san za su zo, cewa keken ɗinkinsa ya mutu. Kitsen saniya aka ɗura masa. Wanda ya ɗura masa kuwa ba baƙo ba ne, ba kuma ɓarawo ba. Hayatu ne, taubashinsa, mai teburin naman da ke jingine da nasa a babbar kasuwa.

Marigayiyar, wadda yaran unguwa suka raɗa wa suna Goggo, ta cika a zauren gidan da guntun ƙirgi a bakinta, wato fatar sa da ba a jeme ba. Ta bar aiki ɗaya ba ta gama ba: farar rigar yarinya, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya a yanke yana jira. Rigar ta Rabi'atu ce, 'yar Hayatun nan dai, wadda malamarsu Madam Véronique ta zaɓa a cikin yaran lekol duka ta riƙe allon sunan makaranta a gaban layi ranar defile, wato faretin bikin matasa. Mai karatu ya riƙe zancen rigar nan da kyau, don a kanta komai ya ƙare.

Asalin marigayiya daga ƙetare take. Ta shigo Garwa a jirgin ruwa ta Binuwai, da damina, tun kafin a sauke tutar Faransa. Baƙa ce wuluk, da zanen furanni ruwan zinariya a gadon bayanta, da ƙafafun ƙarfe da sai ƙarti biyu ke ɗaga su. Gidanta na fari gidan Madam Micheline ne, ungozomar lopital, wato asibiti, mutuniyar kudu. Da aka yi wa Madam canjin wurin aiki zuwa Yawunde, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce ko keke ko gado, ɗaya ne zai hau. Madam ta dafa ƙugunta, ta zaɓi gado. Ta tura keken gidan maƙwabciyarta Karimatu, matar Lukmanu, wadda ta daɗe tana leƙowa ta katanga tana kallon yadda ake taka shi.

Allah bai ba Lukmanu da Karimatu haihuwa ba. An sha saiwa, an sha rubutu, Madam Micheline ma ta yi nata, shiru. Sai Karimatu ta mai da 'ya'yan unguwa nata, iyayensu kuma ba su yi gardama ba, musamman in Sallah ta matso. Cikin azumi Karimatu ta rasu, ta bar fanteka cike da yankakkun yadudduka, kowane ƙulli na ɗan wani. Yara ba su san zaman makoki ba. Ana gama sadakar uku suka fara leƙo zaure suna tambaya ko an gama. Lukmanu ya kore su, suka dawo, ya sake kora, suka dawo da ƙannensu, har ya ga korar ta fi ɗinkin wuya. Ya ce mutumin da ke feɗe sa bai huda fata ba, ba ƙyalle ne zai gagare shi ba. Ya ja kujera ya zauna. Rigar farko da ya fitar ba ta da wuya, a rufe take ruf kamar buhu. Ta biyu ta samu wuya har biyu. Goggo ba ta gaya wa kowa ba. Daga nan ya san ya yi abokiyar zama.

Halin marigayiya, wanda ya zauna da ita ne zai faɗa. Ba ta da ci. Ɗigon man keke a bakin tsinke ya ishe ta mako. Ba ta taɓa cewa a saya mata zane ba, ita da zannuwan gari ke bi ta bakinta. Tana da surutu, wannan gaskiya ne, amma a duk surutunta ba a taɓa jin sunan wani ba, abin da ba za a iya faɗa a kan rabin masu karanta wannan takarda ba. In an ba ta akoko, cewa take kar-kar-kar-kar, kamar kaza ta ga tsaba. In shadda ce sai ta ja aji: tsak, tsak, tsak. In kuwa abu ya fi ƙarfinta, ƙit ɗaya take yi ta tsaya, ba ta ƙara motsi sai an duba an ba ta haƙuri. Wannan ƙit ɗin, duk yaron da ya iya tafiya a unguwar ya san ma'anarsa. Mutum ɗaya ne mai gemu bai sani ba, za a zo kansa.

Ba ta tambayar ɗan waye. Ɗan Bahaushe, ɗan Bafillace, ɗan Fali mai kawo itace daga gindin dutse, 'ya'yan ma'aikatan kudu masu zuwa coci, duk awo ɗaya take musu. Ta ɗinka rigunan Sallah, ta ɗinka na Nowel, sallar masu coci. Ta mai da buhun fulawa jakar lekol, har da aljihun alli. Ta ɗinka ƙwallon tsumma, da 'yan tsana masu idon maɓalli, waɗanda ake cusa wa audugar da ke zubowa daga kamiyo a hanyar gada. Atamfar jam'iyya mai hoton shugaban ƙasa ta bi ta bakinta ba adadi, ba ta taɓa ɗora allura a kan fuskar ba, balle ta raba ta biyu a gindin wando kamar yadda wani tela ya yi, ya yini yana bayani a gaban jandarma. Kuma a duk rayuwarta ba ta karɓi ko dala a hannun kowa ba.

Wannan na ƙarshen shi ya ja mata maƙiya. Telolin kasuwa suka ce ana kashe musu sana'a. Mahauta suka ce an zubar musu da mutunci, wai ɗan gadon wuƙa ya koma cusa auduga a cikin 'yar tsana. Jagoran masu wannan magana Hayatu ne. Da yake taubashi ne, bakinsa ba linzami. Shi ya raɗa wa Lukmanu suna Mai 'Yar Tsana. In mace ta tsaya gaban teburin Lukmanu sai ya ɗaga murya: "Hajiya, in nama kike so ga shi nan. Can sai dai a gwada miki ɗan kwali." Rumfa ta kwashe da dariya. Da la'asar kuma sai ga shi a zaure da yara a gaba kamar mai kora awaki, wannan wandonsa ya yage, wancan ya yi tsawo dare ɗaya. 'Ya'yan Hayatu, daga babba har na goye, babu wanda ya san hannun tela. Baki na zagi, ƙafa na kawo awo. Na gode da Hausa, useko da Fillanci, mersi da Faransanci, babu wadda ta taɓa yin kuskuren fita daga bakinsa.

To, ga yadda ciwon ajali ya samo asali. Rabi'atu ta shigo zaure a guje da farin yadi a ƙirji, tana haki, ta ce Baffa an zaɓe ta, ita za ta riƙe allo, duk Garwa za ta gan ta. Madam Véronique ta ce hannun rigar ya zama mai kumburi, kuma ya saki, don hannu a sama za a yi tafiyar tun daga lekol har gaban rumfar manya. Lukmanu ya sa ta ɗaga hannu sama, ya auna ta a haka, ya ce ta je ta sha kuruminta. Ya yanka, ya ɗinka jiki, ya ɗinka hannun hagu, ya yi masa tattara irin ta 'ya'yan gwamna. Saura na dama aka ce shanu sun yi wuya a nan kusa, sai kasuwar Bogo. Mahauci ba ya ce wa saniya ta jira. Ya naɗe rigar ya ajiye, ya lulluɓe Goggo da zanenta, ya ba Hayatu mabuɗi saboda ragon da ke ɗaure a tsakar gida. Ya ce masa rago. Ya maimaita masa: rago, ruwa da harawa. Bai ce keke ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Hayatu aka ji shi a gaban Sarkin Fawa, ba ƙari. Kuben wuƙarsa ne ya yage. Kai shi wurin baduku kuwa yana nufin sa hannu a aljihu, abin da likita ya hana shi tun yana yaro. Ya shigo ba rago ruwa, ya ga Goggo a lulluɓe, a cewarsa tana cin hutu. Ya ce abin da ke ɗinka wando zai ɗinka kube, ai duk ɗinki ne. Ya yanko ƙirgi, ba na ciki mai ɗan laushi ba, na wuyan sa, irin wanda kura ma sai ta yi shawara. Ya tura mata. Ta ce ƙit. Ya ƙara takawa. Allura ta tashi. Ya sa wata, ita ma ta bi 'yar uwarta. Haka ya yi ta yi har sai da gwangwanin allura ya koma wofi.

A nan ne Hayatu ya zama likita. Ya duba marar lafiya, ya gano cutarta: yunwa. Wai Lukmanu ya yi shekara da shekaru yana horon baiwar Allah da ɗigon wani abu ruwa-ruwa. Kwalbar man keke tana nan a kan taga, cike, tana kallonsa. Ya buɗe ya shinshina, ya ce wannan ba mai ba ne, kananzir ne ya yi wanka. Man da ba ya daskarewa, ba ya ƙamshi, ba a miya da shi, Nasara kaɗai zai kira shi mai. A gidan mahauta kuwa kowa ya san maganin duniya guda ɗaya ne. Faso, kitse. Ƙyaure na kuka, kitse. Wuƙa ta yi tsatsa, kitse. Jikin yaro ya yi gautsi, kitse. Ya koma gida ya narko kasko guda, na ƙoda, mai kyau, don a yi masa adalci bai yi rowa ba. Ya bi duk wata kafa da ke jikin Goggo ya ɗura, har sai da ta yi gyatsa.

Da ɗumi-ɗumi ta yi tafiya, haka ne. Ta yi laushi, ta daina kar-kar, ta koma sul-sul kamar maciji a rairayi. Hayatu ya tafi kasuwa yana shela cewa ya warkar da keken da mai shi ya kasa, wai har shiru ta yi don daɗi. Sanyin asuba na sauka kitse ya koma gidansa na jiya, Goggo ta sandare kamar tuwon da ya kwana. Masu dubiya ba su yi jinkiri ba. Ɓeraye suka fara zuwa, suka gaishe ta da jiki, suka tafi da igiyar fatar da ke juya ta. Kiyashi suka biyo baya a layi, da tsari irin wanda yaran lekol ke shan bulala kafin su iya.

Mai hankali a nan zai tsaya ya jira mai abu. Hayatu ya kwance kan keken, ya kai tukubar mai tsire, ya jingina shi kusa da wuta don kitse ya narke. Ya narke. Furannin zinariyar da suka haye teku suka haye Binuwai ba su goge ba, su ma suka narke. Mai tsire ya ba da shaida cewa bai taɓa jin ƙarfe mai ƙamshi haka ba, har wani ya tsaya ya tambayi nawa ne tsinke. Hayatu ya mai da kan mazauninsa, ya kwance igiyar rago ya ɗaura a madadin ta fata, rago kuma ya samu 'yancin kai, shi ma, ya shiga gari. Ya sake tura ƙirgin. Ta ce ƙit, a hankali, irin na mai roƙo. Sai ya miƙe tsaye a kan matakin da ƙafa biyu, mutumin da shi kaɗai ke ka da bijimi.

Ƙas.

Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Hajjo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da zauren, ta ji ta daga ɗakinta, ta ce ta ɗauka turmi ne ya tsage.

Lukmanu ya dawo daga Bogo da shanu, da hannun dama a naɗe, don igiyar wani bijimi ta ɗaye masa tafi a hanya. Tun daga bakin ƙofa ya ji zaurensa na ƙamshin gidan suna. Ya yaye zane, ya duba, ya mayar. Aka kira Gaston mai gyaran agogo da mobilet, ƙananan baburan nan, wanda ya saba duba Goggo shekara-shekara. Gaston ya buɗe cikinta, ya sa yatsa, ya fito da shi fari fat, ya tambaya ko gyara aka kira shi ko walima. Da ya kai ga babban ƙarfen da ke juya allura ya same shi biyu, sai ya cire hularsa. "Baaba Lukmanu," ya ce, "se fini, ta ƙare." Babu irin ƙarfen a Garwa, babu a Marwa, masu ƙera ta ma, in ji shi, sun daina irinta tun yana yawo ba wando.

Magana ta je gaban Sarkin Fawa. Hayatu ya zo da hujjojinsa: niyyarsa alheri ce, kitsen na ƙoda ne, kuma dama tsohuwa ce, kwananta ya ƙare. Ya ce zai ba da rago. Aka tuna masa wanda ya saki ma ba a gan shi ba tukuna. Lukmanu ya ce shi ba rago ya kawo shi ba, hannun riga ne, ga defile ya ƙarato, shi kuma ga hannunsa. Aka zaga teloli. Kowanne ya ce aikin biki ya yi masa yawa, wani ma ya ce a kai wa telan kyauta mana, yana murmushi har kunne. Uwar yarinya tana Mora wajen jinyar mahaifiyarta. Hajjo, wadda ta iya allura tun kafin a haifi Hayatu, ta aiko cewa a kawo mata. Nan girman kai ya motsa. Hayatu ya buga ƙirji a gaban mahauta, ya ce hannun da ya ɓata shi zai gyara, ba tsohuwa ce za ta rufa masa asiri ba. Hannun riga ɗin me, shi da ke ɗinke buhun fata kafin a dama fura? Lukmanu ya ce a ba Hajjo. Sarkin Fawa ya ce a ba Hajjo. Hayatu ya naɗe rigar ya sa a hammata. 'Yarsa ce, babu mai ƙwace masa.

A teburinsa na nama ya yi aikin, a bainar jama'a, don a ga ba ya jin kunya. Lukmanu ya aro ƙaramar allura ya miƙa masa, ta ɓace a tsakanin yatsunsa, ya ɗauko basilla. Ya miƙa masa sabulu, Hayatu ya goge hannu a gaban rigarsa ya ce ya isa. Ya yanka wa mai saye tsoka, ya koma ya soka, ya yanka, ya soka. Ya ga yadi ya yi yawa a hammata, wanda Lukmanu ya bari da gangan don hannu ya ɗagu, ya ce ɓarna ce. Lukmanu ya ce masa ya bar shi. Hayatu ya ce ai Mai 'Yar Tsana ya gama nasa zamanin. Ya tattare yadin ya ɗinke tam, ya bi ya sake bi. A yi masa shaida, ɗinkin ya yi ƙarfi. Bijimi ba zai tsinka shi ba. Bai bari yarinya ta gwada ba sai safiyar defile, wai kada ta ɓata shi.

Safiyar nan, a filin lekol, Lukmanu na tsaye a bakin shinge yana gani, Madam Véronique ta miƙa wa Rabi'atu allo. Hannun hagu, aikin marigayiya, ya tashi sama kamar tsuntsu. Na dama ya zo daidai ƙirji ya ce nan zai kwana. Yarinya ta ja, ɗinkin ubanta ya riƙe. Allo ya karkace, sunan makaranta ya kalli ƙasa. Ga shatin yatsu na maiƙo a farin yadi, ga ƙudajen kwata da suka gane ɗan gida suka biyo shi. Madam ba muguwa ba ce. Ta sa haƙori a zaren, zare ya ƙi, ta nemi almakashi ba a samu ba, ana ta busa usur a tashi. Ta karɓi allon ta ba wata yarinya, ta kama hannun Rabi'atu ta kai ta layin ƙarshe, ta sa ta a tsakiya inda ba a gani.

Hayatu bai san wannan ba. Ya rufe tebur ranar, abin da bai yi ba ko ranar da aka haife ta. Ya sa babbar riga, ya taro mahauta, ya hau kan wofin duro a bakin titi yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa cewa ta gaban 'yarsa ce, rigar ma shi ya ƙarasa ta. Ganguna suka taho, tuta ta wuce, allo ya wuce a hannun 'yar wani. Layi ya wuce, layi ya wuce. Can a ƙarshe ya hango ta, ta rufe kafaɗar dama da tafin hagu. Ya kira sunanta da muryar nan tasa da ake ji daga kwata har gada. Duk layin ya waiwaya, ban da ita.

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta Lukmanu, da hannu ɗaya a naɗe. Wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri, da hagu aka yi shi, mai shi kuma bai daɗe a lekol ba. Ta bar ƙanwarta almakashi, wadda yanzu za ta yi ta yanka babu mai haɗawa. Ta bar kwalbar man keke, cike, wadda ta ga komai daga kan taga kuma a shirye take ta ba da shaida. Ta bar 'yan tsana da ba a rufe musu ciki ba. Ta bar tagwaye, tsinkayen saƙa, waɗanda asalinsu tsinken tsire ne na ƙarfe Lukmanu ya goge musu baki, da su yake saƙa wa jarirai hula da safa. Su kaɗai suka rage a bakin aiki, saboda haka ana sanar da iyaye cewa Sallar bana kowane yaro hular ulu zai samu, a zafin Garwa. Wanda ɗansa ya yi gumi ya san teburin da zai je ya yi godiya. Ta bar marayu unguwa guda, waɗanda iyayensu yanzu za su san ƙofar tela da irin maganar da ake yi a cikinta.

Ana karɓar gaisuwa a zaure bayan la'asar. Mai zuwa ya zo da hannunsa kawai. Wanda ya ɓoyo yadi a hammata wai ko za a dace, ya koma da abinsa. Teloli an yafe musu zuwa, an san aiki ya yi musu yawa, kuma fuskar tausayi tana da wuyar ɗinki. Kada a ce wa mai makoki ai ƙarfe ne. Ya sani, shi ya fi kowa ɗaga shi. Kada kuma a ce masa ya sayi wani. Keken kanti bai san ƙafar Karimatu ba, matakin wannan kuwa ya suɗe daidai inda take ɗora diddige. Ba za a yi girki ba. Wanda ya kawo abu mai maiƙo gidan nan, ko da ƙuli-ƙuli ne, shi da Allah.

Game da sutura, an tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma bai ga inda aka hana mutum jin zafin abinsa ba. Gawa tana shagon Gaston. Shi ya yi mata wanka da kananzir, ya ce abin da ya fitar zai soya wainar unguwa. Ƙafafunta za su zauna a zaure inda suke. Kan za a binne a gindin dalbejiyar tsakar gida, inda Karimatu ke shimfiɗa tabarma ta yi yanka. Za a tashi daga shagon ranar Asabar da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, a bi ta layin teloli, a ratsa ta rumfar mahauta. Ba a buƙatar masu kama makara. Sarkin Fawa ya yanke cewa mutum ɗaya ne zai ɗauka, a ka, ba gammo. Ba sai an faɗi sunansa ba, ya kuma amsa.

Likkafani ma an samu, ba a saya ba. Washegarin defile Rabi'atu ta shigo zaure, ba a guje ba wannan karon, da rigar a naɗe. Ta ajiye ta a kan ƙafafun keken ta ce, "Baffa, a rufe Goggo da ita." Lukmanu ya ce hannunsa na warkewa zai farke ya gyara mata. Ta ce a bari, defile ya wuce, baɗi wata za a zaɓa. Tun ranar ba ta sake kai wa ubanta abinci kasuwa ba, ƙanenta ke kaiwa. In ya shigo gida tana gaishe shi a durƙushe, kai a ƙasa, yadda ake gai da baƙo. Ya sayo mata atamfa, da hannunsa, daga aljihun nan da likita ya hana. Tana nan inda ya ajiye.

Jiya Hayatu ya zo zaure da kansa, ba wasan taubashi a muryarsa, ya roƙi Lukmanu abu ɗaya: in za a naɗe gawar, a naɗe ta yadda hannun dama zai shige ciki. Lukmanu ya ce likkafani ba nasa ba ne, a tambayi mai shi.

An tambaye ta. Ta ce a bar shi a waje.